Yis Mai Rai Ne: Yadda Yake Ci, Yake Hayayyafa, Yake Tayar Da Kwaɓi

Duk inda Hausawa suka kafa zango a Kudu, daga Agege da Mile 12 a Legas zuwa Sabo ta Ibadan, Ama Hausa ta Owerri da kasuwar shanu ta Lokpanta, ba za ka rasa mai shayi da tulin burodi a kan tebur ba, ga mai waina da mai fanke a bakin layi. Samarinmu da yawa ma a gidajen burodi suke neman na kansu. Duk waɗannan sana'o'i sun rataya ne a wuyan wani ɗan gari mai ruwan ƙasa da ake sayarwa a leda, wato yis. Mutane da dama suna ɗaukarsa kamar gishiri ko kanwa, abin da za a barbaɗa kawai a wuce. Alhali yis halitta ce mai rai. Yana cin abinci, yana hayayyafa, yana jin zafi da sanyi, yana kuma mutuwa. Ni da na tashi a cikin kara, hanya mafi sauƙi da nake fahimtarsa ita ce in ɗauke shi a matsayin garke. Wanda ya san abin da garkensa ke ci da abin da ke kashe shi ba ya yawan asara. Buhun fulawa kuwa a yau ba abin wasa ba ne.

Mene ne yis?

Yis ɗan dangin fumfuna ne da naman kaza, amma shi ƙwaya ɗaya ce tak, ba shi da jijiya ko reshe. Masana sun gano nau'insa sama da 1,500. Wanda muke zubawa a kwaɓi sunansa na kimiyya Saccharomyces cerevisiae, ma'anar sunan kuwa kusan "fumfunar sukari ta giya". Ƙwayarsa kamar ƙwai take, faɗinta maikuromita 5 zuwa 10. Wato idan aka jera su, sai guda 100 zuwa 200 su cika milimita ɗaya. Giram ɗaya na yis ɗin leda yana ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi. A daji ana samun yis a bawon 'ya'yan itace, a cikin furanni, a jikin bishiya da ƙasa, duk dai inda akwai ɗan zaƙi.

Mutane sun yi dubban shekaru suna aiki da shi ba su san da shi ba. A 1680 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango ƙwayoyinsa a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, wato maikuroskof, amma bai ɗauke su masu rai ba. Daga 1857 Louis Pasteur na Faransa ya shiga gwaje-gwajen da suka tabbatar cewa ƙananan halittu ne ke sa abu ya tsimu. A 1897 kuma Bajamushe Eduard Buchner ya niƙa yis ya tace ruwansa, ya ga ruwan kaɗai yana iya tsima sukari. Nan aka gane cewa wasu sinadarai ne a cikin ƙwayar, waɗanda ake kira enzayim, suke yin aikin. Wannan ya sa ya samu kyautar Nobel a 1907.

Abin da ke cikin ƙwayar

Ku ɗauki ƙwayar yis kamar gida mai katanga. Daga waje akwai bango mai ƙarfi, wanda aka gina da wasu sarƙoƙin sukari, gulukan da mannan, da ɗan kaitin kaɗan. Shi ke hana ƙwayar fashewa idan ruwa ya shige ta. Bayan bango akwai wata siririyar fata mai maiƙo, ita ce mai gadin ƙofa: ita ke barin sukari ya shiga, ta bar shara ta fita. A cikin wannan fata akwai wani maiƙo mai suna agosterol, kwatankwacin kolesterol a jikinmu. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa a wajen maganar magani.

A tsakiya akwai cibiya, wato nukiliyas, inda aka adana littafin gado na DNA. Yis ɗin burodi yana da kuromosom 16 da ƙwayoyin gado kusan 6,000. Sai mitokondiriya, su ne murhun gidan, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samu ƙarfi. Sai wani babban rumbu da ake kira bakuwol, inda ake ajiye kayan abinci, a kuma narkar da tsofaffin kayan da suka gama aiki. Wannan tsari, na cibiya da ɗakuna daban-daban, shi ne irin na ƙwayoyin jikin mutum da na saniya. Bakteriya ba ta da shi. Don haka ta fuskar halitta yis ya fi kusa da mu fiye da yadda yake kusa da bakteriya, duk da cewa dukkansu ido ba ya ganinsu.

Yadda yake hayayyafa

Yis ɗin burodi toho yake yi. Wani ɗan ƙullutu zai fito a gefen uwa, ya yi ta girma, a kwafi littafin gado a tura masa nasa kason, sannan ya ɓalle. Duk inda ɗa ya ɓalle sai tabo ya zauna a jikin uwar, kuma da ƙirga tabon ake sanin yawan haihuwarta, kamar yadda muke duba haƙori mu san shekarun sa. Uwa ɗaya takan haihu sau 20 zuwa 30 kafin ta tsufa ta mutu. Idan abinci ya wadata kuma ɗumi ya yi daidai, garken yana ninka kansa kusan duk minti 90. A lissafi, ƙwaya ɗaya za ta iya zama sama da 65,000 a cikin awa 24, in dai abinci bai yanke ba.

Idan yunwa ta matsa, yis yana da dabara. Ƙwayar takan rikiɗe ta zama jaka mai ɗauke da iri huɗu masu taurin bawo, su kwanta su jira damina. Da sun ji abinci sai su farka. A nan ne ake samun jinsi biyu, da masana ke kira a da alfa, su haɗu su koma ƙwaya ɗaya.

Abincinsa

Babban abincin yis sukari ne, amma ba kowane iri ba. Gulukos da furuktos kai tsaye yake haɗiye su. Sukarin shayi na rake sai ya fara raba shi biyu da wani enzayim mai suna inbatas. Sitacin da ya cika fulawa kuwa bai iya ci ba. Sai dai ita fulawar tana da nata enzayim, amilas, wanda ke farkawa da an zuba ruwa, ya riƙa yayyanka sitaci yana mayar da shi sukarin maltos, yis yana bi yana ci. Shi ya sa kwaɓin da ba a sa masa sukari ba ma yana tashi, sai dai a hankali. Sukarin madara, wato laktos, yis ɗin burodi ba ya iya taɓa shi. Wasu 'yan uwansa ne na gidan Kluyveromyces ke cinsa, kuma akan same su a cikin madarar da ta yi tsami. Bayan sukari, yis yana buƙatar naitorojin da fosfarus da wasu bitamin don gina jikinsa, kuma fulawa tana ba shi su.

Hanyoyi biyu na samun ƙarfi

Duk ƙwayar gulukos da ta shiga, yis yana fara tsaga ta gida biyu, ta hanyar matakai goma da ake kira gilaikolisis. Daga nan yana samun ribar ATP guda biyu. ATP shi ne kuɗin da kowace ƙwayar halitta ke kashewa wajen aiki. Bayan wannan hanya ta rabu biyu.

Ta farko numfashi ce. Idan akwai oksijin kuma sukari kaɗan ne, sai a kai gutsattsarin cikin mitokondiriya a ƙone su ƙurmus, su zama ruwa da iskar kabon dayoksaid. Ribar ATP a nan ta ninka ta farko sau da yawa, kuma da ita yis ke gina sababbin ƙwayoyi masu yawa.

Ta biyu tsimi ce. Idan babu oksijin, yis yana mayar da gutsattsarin su zama iskar kabon dayoksaid da etanol, wato sinadarin barasa. A lissafin kimiyya, gulukos giram 180 yana ba da etanol giram 92 da iska giram 88, iskar nan kuwa ta haura lita 40. Ribar ATP ba ta wuce biyun nan na farko ba, amma hanyar tana da sauri.

Wani hali na yis ɗin burodi shi ne, idan sukari ya yi yawa yakan zaɓi tsimi ko da akwai iska. Masana suna kiran wannan halin da sunan Crabtree, wani masani Bature. Amfaninsa ga yis a daji a fili yake: ya cinye sukarin da wuri, ya kuma cika wurin da barasar da sauran ƙananan halittu ba sa jurewa, daga baya idan sukari ya ƙare ya juyo ya ci barasar da kansa. Saboda wannan hali ne kamfanonin da ke kiwon yis suke ɗiga masa ruwan rake mai kauri kaɗan-kaɗan, suna hura masa iska mai yawa, don ya yi ta haihuwa maimakon ya yi giya. Shi ma yana da iyaka: idan barasa ta kai wajen kashi 14 zuwa 15 cikin 100, yawancin yis sai su tsaya.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓi

Fulawar alkama tana da furotin da ke zama guluten idan an murza ta da ruwa, wani abu mai danƙo kamar roba. Iskar da yis ke fitarwa tana taruwa a 'yan ƙananan aljihuna, guluten ya riƙe ta, kwaɓi ya kumbura. Idan an sa a tanderu, da farko zafi yana ƙara wa yis kuzari, iskar ma ta buɗe, burodi ya yi tashin ƙarshe. Da zafin ciki ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin salshiyos, yis ya mutu, ramukan da ya bari su ne laushin burodin.

Abubuwa uku ne suka fi juya aikin. Na farko zafi. Yis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 35. A firij barci yake yi, ruwan zafi kuwa kashe shi yake. Ruwan da za a jiƙa shi ya zama mai ɗumi, wanda za ka iya barin yatsa a ciki ba tare da ka ji ƙuna ba. Ga mu mazauna Kudu akwai abin lura: lokacin da uwa ta saba bar wa ƙullu a hunturun Kano ko Sakkwato ya yi yawa a zafin Legas ko Fatakwal. Kwaɓin da ya wuce lokaci yakan tashi ya faɗi, ya yi warin giya da tsami, saboda guluten ya saki. A duba kwaɓin, kada a dogara da agogo kaɗai: idan ya ninka girmansa, ya isa.

Na biyu gishiri. Yana zuƙe ruwa daga jikin ƙwayar, ya rage mata sauri. Kaɗan yana da amfani, yana daidaita tashin, amma kada a zuba shi kai tsaye a kan jiƙaƙƙen yis. Na uku sukari. Kaɗan abinci ne, mai yawa kuwa irin aikin gishiri yake yi. Shi ya sa ake sayar da yis iri biyu, na kwaɓi mai ƙarancin sukari da na mai zaƙi sosai. Masu yin burodi mai zaƙi irin na Agege su duba jikin ledar kafin su saya.

A ƙullun waina da sinasir yis ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai bakteriya masu yin tsami, irin waɗanda ke cikin nono da kamu. Su ke kawo ɗanɗanon tsamin, yis ya kawo kumburi, ruwan kanwa kuma ya rage tsamin idan ya yi yawa. Bekin foda dabam take: ba ta da rai, sinadarai ne ke haɗuwa su fitar da iska nan take. Haka ma potasiyam buromet da wasu marasa tsoron Allah ke sa wa burodi don ya cika ido, ba yis ba ne, sinadari ne mai illa ga lafiya, kuma hukumar NAFDAC ta haramta shi.

Ajiyar busasshen yis

Ɗanyen yis kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ba ya daɗewa sai a firij. Na leda an busar da shi har ruwan ya koma wajen kashi 5, kuma abin da ke tsare ƙwayar daga mutuwa a wannan bushewa wani sukari ne, tirehalos, da take tarawa a jikinta. Muddin ledar tana rufe, barci yake yi. Da an buɗe, laima da iska da zafi su fara cinsa, laima kuwa ita ce ba a rasawa a Kudu. Masu ƙulla shi a farar leda su ajiye a rana a kan tebur, rabin garken suke kashewa kafin mai saye ya zo. A zuba shi a kwalba mai murfi, a sa a wuri mai sanyi da duhu. Kafin a kwaɓa fulawa mai yawa a gwada: rabin kofin ruwan ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis. Idan bayan minti 10 bai yi kumfa ba, kada a yi asarar fulawa a kansa.

Batun barasa

Wannan tambaya ce da ke damun mutanenmu, don haka gara a faɗi yadda abin yake. Ko shakka babu, duk kwaɓin da yis ya tayar akwai etanol a cikinsa. Amma etanol yana tafasa a digiri 78, cikin burodi kuwa yana haura 90 kafin ya gasu, don haka mafi yawansa yana tashi a tanderu ko a kasko. Abin da ya rage ɗan burbushi ne, ko mutum ya cinye burodi nawa ba zai bugu ba. Ayaba da ta nuna sosai ma tana da irin wannan burbushin. Inda ya kamata a yi hattara shi ne abin sha mai zaƙi da aka bari ya kwana a zafi. Bammi misali ne: da zaƙinsa yake fitowa daga bishiya, cikin 'yan awoyi yis na daji ya mayar da shi giya, bayan nan bakteriya su mayar da shi tsami. Kunun zaƙi, zoɓo da ruwan rake ma idan suka fara kumfa, robar ta kumbura, murfi ya yi tsit idan an buɗe, to tsimi ya fara. Mai son sanin hukunci ya kai wa malami wannan bayanin, zai taimaka masa wajen ba da amsa.

Yis da dabbobinmu

Tumbin saniya shi ma tukunyar tsimi ce, amma bakteriya da wasu ƙananan halittu ne ke narkar da ciyawa a can, kuma ba sa son oksijin. Shi ya sa a manyan gonakin madara ake haɗa yis mai rai a abincin shanu: yana shanye ɗan oksijin da ya shiga da abinci, yana kuma taimakawa tsamin tumbi kada ya yi yawa. Ba ya zama a tumbin, sai an riƙa ba da shi kullum.

Ga kuma gargaɗi ga masu turka raguna da shanu a gari. Ragowar burodi da lalataccen kwaɓi daga gidan burodi suna da araha, amma idan dabba ta ci da yawa lokaci ɗaya, bakteriyar tumbi sukan mayar da sitacin tsami mai ƙarfi. Dabba ta daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo, wani lokaci har ta mutu. A busar da shi, a fara da kaɗan, a haɗa da harawa ko ciyawa, kuma kada a ba da ɗanyen kwaɓi ko wanda ya yi fumfuna.

Yis masu kawo cuta

Akwai wasu yis da ke zaune a jikinmu. Candida albicans yana baki da hanji da gaban mace ba tare da matsala ba, sai idan ya samu sarari ya yi yawa: bayan shan maganin kashe bakteriya, lokacin juna biyu, ga mai ciwon suga ko mai raunin garkuwar jiki. Shi ke kawo farin abu a harshen jariri, da ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri ga mata, wanda ake sa shi cikin abin da ake kira ciwon sanyi. Malassezia kuma maiƙon fata yake ci, yana da hannu a amosanin kai da ƙyasfi, kuma zufa da laima suna ƙara masa ƙarfi. Cryptococcus, da ake samu a busasshen kashin tattabara, yana iya kama ƙwaƙwalwar mai cutar HIV da ba ya shan magani.

A nan ne sanin ginin ƙwayar ke da amfani. Magunguna irin su amoksisilin bangon bakteriya suke rusawa, yis kuwa ba irin wannan bangon gare shi ba. Don haka wanda ya je kemis ya sayi kafso don ƙaiƙayin yis ya kashe bakteriyar da ke taka wa yis birki ne kawai, ciwon ya ƙaru. Magungunan yis agosterol ɗin nan suke nema: fulukonazol da kulotirimazol suna hana a ƙera shi, nistatin kuma yana manne masa ya huda fatar ƙwayar. Tunda ba kowane ƙaiƙayi ne na yis ba, a je asibiti a gwada kafin a sha komai, musamman mai ciki.

Abin da duniya ta samu daga gare shi

Saboda kamarsa da ƙwayoyin jikinmu, ga arha da saurin haihuwa, yis ya zama abin gwajin masana. A 1996 ya zama halitta mai cibiya ta farko da aka karanta littafin gadonta gaba ɗaya. Leland Hartwell da Paul Nurse da yis suka gano abin da ke sarrafa rabuwar ƙwaya, ilimin da ke da muhimmanci ga binciken ciwon daji, suka kuma samu Nobel a 2001 tare da Tim Hunt. Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu tasa a 2016 kan yadda ƙwaya ke narkar da tsofaffin kayanta a lokacin yunwa, kuma a rumbun yis ya fara ganin abin. Tun 1986 ake yin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da yis, kuma wani kaso mai yawa na insulin ɗin masu ciwon suga shi ke ƙera shi. A Burazil, da shi ake mayar da ruwan rake etanol ɗin da motoci ke sha.

To jama'a, ga mai sana'ar fulawa abin riƙewa kaɗan ne: a ajiye yis a busasshen wuri mai sanyi, a tashe shi da ruwan ɗumi, a nisanta shi da gishiri a farko, a gwada shi kafin a kwaɓa buhu, a kuma lura da zafin garin da ake zaune. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da asara.